Ƙafa Bakwai

Dokta Rohini ta rubuta bakwai a allo, ta zagaye ta da jan alli, ta koma gefe tana karkaɗe hannu. Ƙafa bakwai ke nan. Mutum bakwai cikin masu ciwon sukarin da ke zuwa ƙaramin asibitinmu na Nabukatu, waɗanda jirgi ya kwasa zuwa Suva, babban birnin ƙasarmu, a shekara biyu, kowannensu ya dawo an yanke masa ƙafa yana dogara sanda. A ƙasa ta rubuta ɗaya, gaban sunan Lomasau, asibitin da ke wancan gefen tsibirin.

Ni Akanisi, shekarata ashirin da biyu ina riƙe da katunan marasa lafiya a Nabukatu, kuma duk mutanen nan bakwai na san su har sunayen jikokinsu. Amma ranar ba su nake kallo ba. Wuyan Adi Sala, Sistar asibitinmu, nake kallo daga baya, na ga jijiyarsa ta tashi.

Likitar ta zo daga Suva ne da aikin bin diddigin yadda muke kula da masu sukari. Ta zari kati arba'in daga akwatinmu ba tare da ta zaɓa ba, ta zari arba'in daga na Lomasau, tambaya ɗaya tak take nema a ciki: an duba ƙafar mutum duk zuwan da ya yi? A namu, talatin da tara suna ɗauke da 'yar alamar nan mai kama da ƙugiya, an ja ta tsaf da shuɗin biro. Na Lomasau kuwa talatin da ɗaya ne, katunan duk dabbaren shayi, rubutun kamar kaza ta yi tono. A takarda mun ci su da nisa. A ƙafa sun bar mu a baya.

"Ba mai laifi na zo nema ba," in ji Dokta Rohini. "Kati ya faɗi abu ɗaya, ƙafa ta faɗi wani. So nake mu gano abin da ya shiga tsakaninsu. Kowace Sista za ta je ta wuni a asibitin 'yar'uwarta, ta zauna ta yi kallo kawai."

Ba ta rufe baki ba dattawan kwamitin lafiya suka ɗauki tafi, irin namu mai kauri da ake yi da tafin hannu a lanƙwashe kamar ƙoƙo. Unaisi suke yi wa, mai kula da Lomasau. Ita kuma ta wangale baki tana dariya, hular aikinta a karkace.

"Ni fa ban san abin da na yi ba," ta ce. "Ƙila ƙafafun Lomasau ne suka cika kaushi, wuƙar Suva ba ta cin su."

Aka fashe da dariya. Adi Sala ma ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai ɗaukar hoto.

Sai an san wace ce ita za a gane zafin abin. Adi Salanieta 'yar sarkin yankinmu ce, ta fari a gidansa. Ta yi karatun jinya a Suva, aka yi mata tayin aiki a New Zealand, ta ƙi, ta dawo tsibirin da wuta ke ɗaukewa sau uku a wuni. Ba ta taɓa makara ba. Ta karɓi haihuwar rabin matasan garin. Farar rigarta ko a damina ba ka ganin ɗigon taɓo a jiki. Mutane in za su zo wurinta shiri suke yi irin na coci: wanka, man kwakwa, riga mai guga, safa da takalmi sau ciki. Su shigo a sunkuye, su ɗosana a bakin kujera, su amsa abin da aka tambaye su a hankali.

Unaisi kuwa mutuniyar yankin Ra ce, daga babban tsibiri, 'yar manomin rake. A hannun Adi Sala ta koyi aiki shekara tara da suka wuce, kuma ranar farko da ta ga haihuwa sumewa ta yi, ni na yayyafa mata ruwa.

Da taro ya watse, Adi Sala ta shiga ofis ta turo ƙofa, ta ce in kawo mata katunan mutum bakwai ɗin. Ta jera su a tebur. Kowanne da ƙugiyarsa, wata bayan wata, har zuwa watan da aka yanke.

"Akanisi, kin ga yadda suke yi mata tafi?"

"Na gani, ranki ya daɗe."

"Yarinyar da na koya wa riƙon almakashi. Ko sunan magani ba ta iya rubutawa daidai ba har yau."

"Ai kam."

"Akwai abin da take ɓoyewa. Ko dai waɗanda suka lalace tana turo su nan a ƙirga a kanmu, ko kuma ba ta buɗe musu kati. Ɗaya! A Lomasau, inda suke shan shayi cokali biyar na sukari?"

Na ce lallai da walakin. Gaskiyar magana, kishi ne ke cin ta, ba wani abu ba, kuma ni ma yana ci na. Katunan nan nawa ne. Ni nake goge musu ƙura, ni nake jera su bisa harafi, ni nake shanya su in rufi ya yi yoyo. A ce akwatin Unaisi, wanda na taɓa ganin ɓawon ayaba a ciki, shi ne abin yabo? Kwana uku ko rogo ba ya yi mini daɗi a baki. Adi Sala kuwa in an ambaci Lomasau, ko da mai sayar da kifi ne, sai ta sami abin gyarawa a kan tebur.

Ranar Alhamis da safe muka shiga kwale-kwale mai inji muka zagaya tsibirin, tafiyar awa guda. Adi Sala ta ɗauko sabon littafi, ta ja layi a shafin farko, ta rubuta kwanan wata. Ba kallo za ta je yi ba, kamu za ta je yi, kuma na ji daɗin hakan har cikin raina.

Tun daga bakin ruwa muka jiyo hayaniya kamar gidan suna. Asibitin Lomasau ɗaki biyu ne da baranda, kaza da 'ya'yanta suna kiwo a ƙarƙashin benci. Adi Sala ta rubuta kazar. Ta rubuta tagar da ba ta da raga. A bakin ƙofa ga tulin takalma, silifa da sau ciki da na roba, an watsar da su yadda aka ga dama, kusa da wani baho mai ruwa da sabulu. Daga ciki muryar Unaisi ke tashi.

"Kai tau, wannan ƙafa ce ko saiwar gwaza? Yaushe rabonka da yanke farce, tun zamanin Turawa?"

"Ke tafi can," wani tsoho ya amsa. "Ku mutanen Ra da ba ku san takalmi ba sai bara, ke ce za ki koya mini ƙafa?"

Mu da mutanen Ra wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni, tau muke kiran juna. Ɗan Ra zai zage ka a gaban surukanka, ya cire maka riga a kasuwa ya tafi da ita, kai kuma dariya kawai za ka yi ka jira ranarka. Ba babba ba yaro a wannan wasan. Kowa ya san haka, ni ma na sani, amma ban taɓa kawo wa raina cewa yana da alaƙa da asibiti ba.

Adi Sala ta ɗaga biro za ta rubuta rashin ladabi ga dattawa, sai hannunta ya tsaya. Ido ta zuba wa wasu baƙaƙen takalma sau ciki a gefen tulin, su kaɗai aka ajiye a jere, dunduniyar ɗaya an yi mata faci da robar taya. Ni ma na gane su. Duk Nabukatu ba wanda bai san takalman Baba Peniasi ba.

Baba Peniasi shi ne kakakin mahaifinta, mai magana da yawun sarki a kowane taro shekara arba'in. Shi ya riƙa ɗaukar ta a kafaɗa yana tsallakar da ita rafi zuwa makaranta. Mai ciwon sukari ne, katinsa yana akwatina, kuma mako uku da suka wuce Adi Sala da hannunta ta ja masa ƙugiya: ƙafa lafiya.

"Har shi?" ta ce, ba da ni take ba. "Har shi ya tsallake ni ya zo nan?"

Ta shiga ba ko sallama, na bi ta.

Tsofaffi wajen goma ne zaune a tabarma, duk sun miƙe ƙafafu zara-zara. Unaisi na zaune dirshan a tsakiyarsu da guntun zaren fatsa a hannu, wanda take tsikarar tafin ƙafa da shi ta ji ko mutum na ji. Ƙafar Baba Peniasi ta dama tana kan cinyarta. Ta jiƙa safar da ruwan gishiri ta ɓanɓare ta, ga gyambo nan a tsakiyar tafin, faɗin murfin kwalba, gefensa ya yi fari, jan kumburi ya fara hawa idon sawu. Matarsa Litia na rakuɓe a bango tana matsar hawaye. Ita ce ta gaji da warin, ta haɗa baki da ɗan'uwanta mai kwale-kwale suka kawo shi da sunan ziyara.

Ganin Adi Sala, dariyar ta ɗauke ɗif. Kafin in ƙifta ido duk ƙafafun nan sun ɓace. Kowane tsoho ya naɗe nasa ya zauna a kai, ya ja zani ya rufe gwiwa. Baba Peniasi ya fizge tasa daga cinyar Unaisi, ya tankwashe ta ƙarƙashinsa, gyambon a kan tabarma, ya sunkuyar da kai.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe."

"Baba Peniasi, ba ni ƙafar nan in gani."

"Lafiya lau take, Adi."

"Daga bakin ƙofa na jiyo warinta."

"Ɗan ƙaiƙayi ne. Wani ɓawon kawa mai kaifi, irin na teku, na taka a bakin ruwa, ban ma ji ba."

"Yaushe?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Litia ce ta amsa daga bango: "Wata biyu ke nan, ranki ya daɗe."

Adi Sala ta ajiye littafin, ta durƙusa a gabansa da farar rigarta, ta miƙa hannu. Nan ta ƙara ɓata lamarin. Tsohon ya ga 'yar sarki ta yi ƙasa, sai ya nemi ya fi ta yin ƙasa, har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Adi, ki rufa mini asiri. Shekara arba'in ina zama gaban mahaifinki, bai taɓa ganin tafin ƙafata ba. Yau in ɗaga ta in sa miki a fuska, da ruɓa da wari, a gaban mutane? Gara a yanke ta."

Kuma ba wasa yake yi ba, duk wanda ke ɗakin ya san haka.

A tsaye nake ina kallonsa. Na tuna yadda ake duba ƙafa a ɗakinmu, abin da na gani sau dubu ta ƙofar da ke buɗe. Adi Sala za ta ce, "Ƙafa fa?" Mutum ya ce, "Lafiya lau, ranki ya daɗe," yana ƙara tura ta ƙarƙashin kujera. Wani lokaci ta sunkuya ta danna ƙwauri a saman safa ta ga ko da kumburi, mutumin yana ta ba da haƙuri. Sai ta ja ƙugiya. Ba ƙarya ta yi ba ko sau ɗaya, ta tambaya an amsa mata. Ni kaina da nake jin haushin Unaisi, shekara ashirin da biyu muna shan shayi tare da Adi Sala ban taɓa miƙe ƙafa a gabanta ba.

Unaisi ta matso kusa da Adi Sala. Ba dariya a fuskarta, kuma da ta yi dariyar da abin ya fi sauƙi.

"Sista," ta ce ƙasa-ƙasa, "in ban wanke ta yau na fara masa allura ba, mako mai zuwa zai zama na takwas. Don Allah ki ɗan ba mu wuri."

Adi Sala ta dube ta. Yarinyar da ta sume a ɗakin haihuwa ce ke korar ta daga gaban mutumin da ya goya ta. Na ga leɓenta ya motsa, na san maganar da ke bakinta, don ni ma tana bakina. Sai ta dubi tsohon, ta dubi inda ruwan gyambon ya fara jiƙa tabarma. Ta miƙe, ta ɗauki littafinta, ta fita.

Muka tsaya a baranda cikin takalman mutane. Ba a yi minti biyu ba muryar Unaisi ta dawo da ƙarfinta.

"To, tau, miƙo ruɓaɓɓiyar doyar nan taka. Kai da kake cika baki a gaban sarki, ɗan ruwan gishiri ne zai sa ka kuka?"

"Ke 'yar rake, yi a hankali! Ƙafar manya ce wannan, ba irin taku ba!"

Ɗakin ya ɗauki shewa, muryar Baba Peniasi ta fi ta kowa tashi. Adi Sala na tsaye, ta ƙura wa teku ido.

"Akanisi, kin taɓa jin ya yi dariya haka a wurina?"

Na ce ban taɓa ji ba, don ranar ba ta ƙarya ba ce.

A kwale-kwale muna komawa gida, muka hango rufin cocinmu. Sannan Adi Sala ta ce, "Da ma ha'inci na samu Unaisi tana yi." Ta faɗe shi a fili, ba kunya, kuma na fahimce ta sarai. Da ha'inci ne da sai a rubuta rahoto a huta. Wannan kuwa ba abin da za ta koya ba ne, ba kwas ɗin da za ta je Suva ta yi ta dawo ta fi Unaisi. An haife ta 'yar sarki, an haifi waccan a Ra.

Duk da haka sai da ta gwada. Washegari ta sa baho a ƙofarmu, ta ba da umarni kowa ya cire takalmi. Suka cire kuwa, wa zai ƙi bin umarnin Adi? Suka shigo, suka zauna a kan ƙafafunsu. Ta roƙa, ta yi faɗa, ta zauna a ƙasa, su kuma suka kusa kwanciya. Wata tsohuwa ta fashe da kuka ta tafi gida ba ta karɓi maganinta ba. Mako biyu aka yi ana wannan dambarwa.

Da Dokta Rohini ta dawo jin sakamako, Adi Sala ce ta miƙe a gaban kwamiti, ba wanda ya sa ta. Ta ce ƙugiyoyinta talatin da tara na tambaya ne, ba na gani ba. Ta ce daga yau ba a jan alama sai wanda ya ga tafin ƙafa da idonsa, ya tsikare shi da zare, kuma a rubuta sunansa a gefe. Sannan ta ce tana neman a riƙa kawo Sista Unaisi Nabukatu duk Alhamis ta biyu, ta duba ƙafafu. Sunan ya fito daga bakinta da ƙyar, kamar ƙayar kifi.

Bayan wata shida likitar ta sake zarar kati arba'in. Ashirin da takwas ne kawai ke da alama, amma ba wanda aka yanke wa ƙafa. Baba Peniasi ya bar yatsu biyu a Suva, ya dawo yana takawa da kansa. Dokta Rohini ta ce wata shida bai isa a yi guɗa ba, sai an sake ƙirgawa baɗi, amma dattawa ba su saurare ta ba. Suka rataya wa Unaisi sarƙar furanni, aka dama yangona, abin shan da muke karrama mutum da shi, aka ba ta ƙoƙon farko bayan na sarki. Aka gayyace ta Suva ta yi wa ma'aikatan jinya bayani. A rahoton, sunan Adi Sala ya fito a layin ƙarshe, cikin waɗanda aka gode wa da haɗin kai. Na ga ta karanta layin sau biyu, ta naɗe takardar ta sa a ƙasan aljihun tebur.

Kada wani ya ce maka kishin ya wuce. Yana nan daram, nata da nawa. Duk Alhamis ta biyu Unaisi na sauka daga kwale-kwale da hularta a karkace, ta shige ɗakin da Adi Sala ta yi shekara ashirin da biyu a ciki, ta ture kujerun gefe ta shimfiɗa tabarma. Mu kuma mu fito da tebur baranda, muna awon jini da sukari, tunda hannu ba abin kunya ba ne. Dariya na fitowa ta taga. Adi Sala ba ta waiwayawa.

Alhamis ɗin da ta wuce Baba Peniasi ya fito daga ɗakin yana share hawayen dariya, yana jefa wa Unaisi baƙar magana ta bayansa. Da ya yi arba da Adi Sala sai ya haɗiye sauran, ya juya mata gefe, ya zura safa da takalmansa masu faci da sauri, sannan ya matso a sunkuye. Na miƙa mata katinsa.

"Baba Peniasi, ƙafa fa?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe."

Biron na hannunta, ya saba da hanya. Ta tsaya da shi a sama. Sannan ta ɗaga murya wajen taga, ba ta juya kai ba.

"Ke Unaisi. Da gaske yake?"

"Yau kam da gaske yake, Sista!"

Adi Sala ta ja ƙugiyar, ta rubuta sunan Unaisi a gefenta, harafi bayan harafi. Da na karɓi katin zan mayar akwati, na ga biron ya huda shi har baya.